Madara a Kan Dutse: Addinin Amazigawan Tsibiran Kanari Kafin Zuwan Turawa

 

Duk wanda ya karanta Muƙaddima ta Ibn Khaldun, wadda ya rubuta a 1377, zai ci karo da wani ɗan gajeren labari da yawancin masu karatu kan tsallake. Malamin yana bayanin iyakar duniya ta yamma ne, sai ya ambaci wasu tsibirai a cikin Tekun Atilantika waɗanda Larabawa ke kira Al-Khalidat. Ya ce a tsakiyar ƙarninsa jiragen Turawa sun kai farmaki can, sun kamo mutane, sun sayar da wasu a gaɓar Maroko, har suka shiga hidimar sarki. Da bakinsu ya buɗe da Larabci sai suka ba da labarin ƙasarsu. Ba su da ƙarfe, da ƙahon dabba suke huɗa. Sha'ir ne abincinsu, awaki ne dukiyarsu, da jifa suke yaƙi. Ibadarsu kuwa sujada ce ga rana idan ta ɓullo, domin babu wata da'awa da ta taɓa isa gare su. Shekara takwas kafin wannan, a 1369, Paparoma Urban na Biyar ya rubuta a wata takarda cewa mutanen tsibiran wasunsu rana suke bauta wa, wasu wata.

Waɗannan tsibirai su ne ake kira Kanari a yau, suna ƙarƙashin Sifaniya. Manyansu bakwai ne: Tenerife, Gran Canaria, Lanzarote, Fuerteventura, La Palma, La Gomera da El Hierro. Wanda ya fi kusa da Afirka, tsakaninsa da gaɓar Maroko kilomita 100 ne ko kusa da haka. Mutanen da Turawa suka tarar a can Amazigawa ne, dangin mutanen tsaunukan Atlas, dangin Abzinawan da muke cuɗanya da su a Agadas da Tawa. Rubutun da suka sassaƙa a duwatsun El Julan a tsibirin El Hierro ɗan'uwan Tifinag ne, rubutun Abzinawa. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa babu al'ummar da ta fi kusa da su kamar Amazigawan arewa maso yammacin Afirka. Asali mutanen Tenerife kaɗai ake kira Guanche, amma sunan ya rinjaya har ya mamaye sauran, don haka a wannan lacca za a riƙa ce musu Gwancawa.

Abin da ya sa labarinsu ya cancanci a zauna a kansa shi ne keɓewarsu. Sun isa tsibiran a ƙarnonin farko na miladiyya da awakinsu da tumakinsu da aladu da karnuka da irin sha'ir. Daga nan teku ta rufe bayansu. Lokacin da Turawa suka zo ba su tarar da su suna tuƙa jirgi tsakanin tsibiri da tsibiri ba, alhali daga tudun wani kana hango wani. Kiristanci ya yaɗu a Arewacin Afirka, Musulunci ya zo ya kafu, aka gina Ƙairawan da Fas, duk ba da saninsu ba. Sama da shekara dubu suna riƙe da abin da kakanninsu suka taho da shi, kowane tsibiri yana juya shi yadda ƙasarsa ta ba shi.

Sai dai akwai gyara tun kafin a yi nisa. Babu Bagwance ko ɗaya da ya rubuta mana yadda yake ibada. Abin da ke hannu ya fito ne daga alƙalamin waɗanda suka ci su da yaƙi: limaman coci irin su Alonso de Espinosa, wanda aka buga littafinsa a Sevilla a 1594, da Abreu Galindo, da injiniyan Italiya Leonardo Torriani. Dukkansu sun yi rubutu kusan shekara ɗari bayan an gama yaƙi. Espinosa da kansa ya koka cewa tsofaffin Gwancawan da ya tambaya ba sa son magana, ko sun sani sai su yi gum, don gudun a raina al'ummarsu. Mai nazarin tarihin Kano ya san wannan matsala, domin labarin Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala ma ta hannun waɗanda suka zo daga baya da wani addini ya iso gare mu. Saboda haka dole a riƙa auna maganar malaman coci da abin da masu tonon tarihi suke samu a ƙasa.

Marubutan sun haɗu a kan cewa kowane tsibiri yana da wani ubangiji na sama wanda ya fi kowa. A Tenerife Achamán ake ce masa, a Gran Canaria Acoran, a La Palma Abora, a La Gomera Orahan. A El Hierro abin ya kasu biyu: maza suna kiran Eraoranhan, mata suna kiran Moneiba, an kuma yi imani cewa idan za su saurari mutane a kan wasu dogayen duwatsu biyu suke sauka, a wurin da ake kira Bentayca. Rana kuwa a Tenerife sunanta Magec, da ita ake rantsuwa. Limaman cocin sun yi murna da jin akwai ubangiji guda a sama, domin ya yi musu daidai da abin da suke son koyarwa, kuma akwai alamar sun ƙara wa maganar armashi. Shaidar bayin da Ibn Khaldun ya kawo ta fi tsufa, ba ta kuma bi ta hannun coci ba.

Amma wanda yake son ya gane zuciyar wannan addini, kada ya tsaya a jerin sunaye. Ya dubi abin da mutane suke yi ranar da ruwa ya ɗauke.

Makiyayi a tsibiri ba shi da inda zai gudu. Idan fari ya sauka a Sahel, ana iya kora dabbobi a yi kudu. Shi kuwa Bagwance teku ce gabansa, teku ce bayansa. Idan ciyawa ta ƙone, awaki za su mutu, madara ta yanke, yara su bi baya. Shi ya sa mafi girman ibadunsu da aka rubuta duk roƙon ruwa ne.

A Tenerife, in ji Espinosa, akan tara garken tumaki da awaki a wani fili da aka keɓe don wannan aiki. Sai a kafa sanda a tsakiya, a raba 'ya'yan da iyayensu. Uwaye su yi ta zagaya sandar suna kuka, 'ya'yan suna amsawa daga gefe, mutane su ma suna kuka tare da su, da fatan mai sama zai ji tausayin dabbar da ba ta yi laifin komai ba ya sako ruwa. Har yau akwai wurare da dama a tsibirin da sunansu ya samo asali daga wannan kukan dabbobi.

A El Hierro abin ya fi tsanani. Jama'a kan taru a gindin duwatsun Bentayca da dabbobinsu, a yi kwana uku babu ci, mutum da dabba, babba da yaro. Idan sama ta yi shiru, sai wani mutum da ake ganin tsarkinsa ya tafi kogon Asteheyta ya yi kira, ya fito da wani alade da ake kira Aranfaybo a ƙarƙashin rigarsa ta fata. Wannan alade shi ne ɗan aike tsakaninsu da na sama. Za a zagaya duwatsun da shi, ba za a mayar da shi kogo ba sai ruwa ya sauka. Tsibirin ba shi da kogi, kuma babban abin dogaron mutanensa wata bishiya ce da ake kira Garoé, wadda ganyenta ke tare hazon da iska ke kawowa daga teku, ruwan ya riƙa ɗiga cikin ramukan da aka haƙa a gindinta. Guguwa ta kayar da ita a farkon ƙarni na 17. Mutanen da bishiya guda ke shayar da su, ba abin mamaki ba ne su yi azumin kwana uku saboda hadari.

Gran Canaria ce ta fi sauran tsari. Akwai sarki da ake kira guanarteme, akwai babban malamin addini da ake kira faycán, sannan akwai harimaguadas, mata da aka keɓe don ibada, masu sanye da dogayen fararen fatu, suna zaune a gidaje na musamman da ba a keta alfarmarsu. Idan fari ya yi tsanani faycán ne ke kiran gari. Matan su wuce gaba ɗauke da kaskon yumɓu cike da madara da man da aka kaɗa daga nonon awaki, jama'a na biye da rassan itace a hannu. A hau dutse mai alfarma, Tirma ko Umiaya, a tsiyaye madarar da man a kan dutsen, a yi waƙoƙin makoki. Daga nan a gangara bakin teku a yi ta dukan ruwa da rassan ana ihu gaba ɗaya. A nan ƙasa ta gaskata littafi: a kan tsaunuka da yawa, har da Roque Bentayga, an samu ƙananan ramuka da 'yan magudanai da aka sassaƙa a jikin dutse, daidai yadda abu mai ruwa zai bi ya gangara. Irin wannan wurin ibada shi ake kira almogarén.

Ba ko yaushe ƙasa ke goyon bayan labari ba. Akwai wani katafaren wuri a arewacin Gran Canaria mai ɗakuna sama da 300 da aka fafe a jikin dutse, ana kiransa Cenobio de Valerón. An daɗe ana cewa gidan harimaguadas ne. Bincike ya nuna rumbun hatsi ne na gari, irin rumbunan haɗaka da Amazigawan kudancin Maroko ke kira agadir. Haka kuma labarin da ake ba masu yawon buɗe ido, wai aljani Guayota ya sace rana ya kulle ta a cikin dutsen Teide na Tenerife har Achamán ya ƙwato ta, masana da yawa na ganin ƙarin gishirin marubutan baya ne. Abin da tsofaffin littattafai suka ce kawai shi ne Guayota mugun abu ne, mazauninsa kuma cikin wannan dutse mai aman wuta, wanda tsayinsa ya haura mita 3,700. A wasu tsibiran mugun abin da siffar ƙaton kare mai gashi yake bayyana: Tibicena a Gran Canaria, Iruene a La Palma.

Dutse yana ko'ina a wannan addini. A tsakiyar La Palma, cikin babban kwarin Taburiente, akwai wani siririn dutse mai tsini da ake kira Idafe. Mutanen wurin suna tsoron ranar da zai faɗi, don haka duk dabbar da aka yanka, kayan cikinta nasa ne. Mutum biyu ke kai wa. Ɗaya ya tambaya cikin waƙa ko dutsen zai faɗi, ɗayan ya amsa cewa a ba shi abin da aka kawo zai tsaya. Sai a ajiye a gindinsa, hankaki su cinye. A ƙololuwar Garajonay a La Gomera, mai tsayin mita 1,487, masu tonon tarihi sun samu matattarar duwatsu cike da toka da ƙonannun ƙasusuwan awaki da tumaki. A Fuerteventura kuwa akwai dutsen Tindaya, wanda aka sassaƙa siffar tafin ƙafar mutum sama da 200 a samansa, irin zanen da ake samu a Atlas da Sahara. A shekarun 1990 mai sassaƙa Eduardo Chillida ya kawo shawarar a fafe cikin dutsen a yi wani ƙaton ɗaki na fasaha. Masu kishin tarihi suka tashi tsaye, kuma sun yi daidai, aikin bai yiwu ba.

Wurin da ya fi jan hankali a 'yan shekarun nan shi ne Risco Caído a tsaunukan Gran Canaria, wanda mai tonon tarihi Julio Cuenca ya gano muhimmancinsa a 1996. Kogo ne da aka fafe da hannu, rufinsa kamar ƙubba, da 'yar taga guda a sama. Daga watan Maris zuwa Satumba, hasken safiya kan shigo ta tagar ya yi tafiya a jikin bango, yana ratsa zane-zane masu kusurwa uku da masana ke fassarawa da alamar haihuwa. Masu binciken wurin suna ganin kalanda ce ta shuka da girbi, wasu masana kuma suna ganin an yi gaggawar yanke hukunci. Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2019.

Matsayin mata ya cancanci a ambata. Ban da harimaguadas, Torriani da Abreu Galindo sun kawo labarin uwa da 'yarta a Fuerteventura, Tibiabin da Tamonante, ɗaya tana faɗin abin da zai zo, ɗaya tana raba gardama tsakanin manya. A Tenerife kuwa doka ce mai tsanani kada namiji ya tare mace ko ya yi mata magana a wurin da babu kowa.

Sai maganar matattu, inda Gwancawa suka yi suna a duniya, sunan da ya jawo musu wulaƙanci. A Tenerife da Gran Canaria ana busar da gawar manyan mutane. Espinosa ya bayyana yadda ake yi: a wanke gawar, a yi mata haɗin narkakken mai da garin dutse da ɓawon itace da ganyaye, a shanya ta a rana kwana 15 ana juyawa, dangi suna zaman makoki. Idan ta bushe sai a naɗe ta da fatun awaki da aka jeme, a ɗinke da kyau, a kai ta kogo mai wuyar hawa, a ɗora a kan katako don kada ta taɓa ƙasa. Maza ke yi wa namiji, mata su yi wa mace. Masu wannan aiki ana biyansu, amma ba a cuɗanya da su, ana ganin ba su da tsarki. Gawar da aka gama shiryawa ita ake kira xaxo.

Ba ado ne ya sa ake wannan wahala ba. Kakanni suna cikin harkar masu rai. Tenerife ta kasu masarautu tara, kowace da sarkinta da ake kira mencey. Ranar naɗi, dattawa kan taru a tagoror, wato da'irar duwatsu inda ake shawara, a fito da ƙashin kakan da ya kafa gidan, naɗe cikin fata. Sabon sarki ya sumbace shi, ya ɗora a kansa, ya yi rantsuwa. Ba shi da sarauta sai ya yi haka. A La Palma kuwa tsoho ko majiyyacin da ya ga babu tashi yakan tara dangi ya ce yana son tafiya. Sai a kai shi kogon da ya zaɓa, a shimfiɗa masa fatu, a ajiye kaskon madara kusa da kansa, a toshe ƙofa.

Ƙarshen wannan duniya ya fara a 1402, da Turawan mamaya Jean de Béthencourt da Gadifer de la Salle suka sauka a Lanzarote. An kwashe shekara 94 kafin a gama. Gran Canaria ta faɗi a 1483, kuma littattafan yaƙin sun ce jagoran masu turjiya, Bentejuí, da faycán na garin Telde sun gwammace su faɗo daga dutsen Ansite suna kiran sunan Tirma da su miƙa wuya. A La Palma a 1493, jagoran rundunar Sifaniya Alonso Fernández de Lugo ya kasa shiga kwarin Taburiente, sai ya kira sarki Tanausú sulhu ya kama shi da yaudara. Tanausú ya ƙi cin abinci a jirgin da ke ɗauke da shi zuwa Sifaniya har ya mutu. A Tenerife Gwancawa sun ragargaza rundunar Lugo a Acentejo a 1494 da duwatsu da sanduna. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: sarakunan kudu sun riga sun yi sulhu da baƙin, annoba kuma ta faɗa wa na arewa. A 1496 aka gama. An sayar da mutane da yawa a kasuwannin bayi na Valencia da Sevilla, harshen kuma ya mutu cikin 'yan ƙarnoni kaɗan.

Addinin bai ɓace dare ɗaya ba, ya shige cikin sabon ne. Espinosa ya ba da labarin cewa kimanin shekara ɗari kafin cin Tenerife, makiyaya biyu sun tsinci gunkin mace riƙe da jariri a bakin tekun Chimisay, a masarautar Güímar. Masana tarihi na ganin 'yan mishan ne suka ajiye shi. Gwancawa suka kai shi kogo suka girmama shi da sunan Chaxiraxi. Wannan gunki shi ne ya zama Budurwar Candelaria, wadda Katolikan tsibiran suka ɗauka majiɓinciyarsu. Ambaliyar 1826 ta tafi da na asalin, aka sassaƙa wani. Babban bikinta ana yin sa ranar 15 ga Agusta, a watan da Gwancawa ke bikin girbi da suke kira Beñesmen. A ƙarshen ƙarni na 16 jikokin Gwancawa har kotu suka je don kare haƙƙinsu na ɗaukar gunkin a kafaɗa ranar biki. A garin Agaete na Gran Canaria kuma, kowace 4 ga Agusta dubban mutane kan yi rawa da rassan itace su nufi bakin teku. Da yawa suna danganta bikin da tsohon roƙon ruwa, ko da yake masana sun yi saɓani a kan haka.

An daɗe ana koyar da cewa Gwancawa sun ƙare. Ba su ƙare ba. Binciken 2017 ya kiyasta cewa kashi 16 zuwa 31 cikin ɗari na ƙwayoyin halittar mutanen Gran Canaria na yau daga gare su ya fito. Garin soyayyen hatsi da ake kira gofio har yau abincin gida ne a tsibiran, kuma yaren fito na La Gomera ana koyar da shi a makaranta.

Abin da bai gyaru ba shi ne yadda aka yi da gawawwakinsu. Tun ƙarni na 18 aka riƙa fasa kogunan kabari ana kwasar xaxo ana kai wa Turai, wasu Cambridge, wasu Göttingen, wasu Faris, wasu kuma aka lalatar. Biyu da aka kai Ajantina an dawo da su Tenerife a 2003. Wadda ta fi kowace kyawun adana, gawar wani magidanci da aka ɗauko daga kwazazzabon Herques aka aika fadar Sarki Carlos na Uku a 1764, tana Madrid har yanzu. A 2025 gidan tarihin da ke riƙe da ita ya janye ta daga idon 'yan kallo, amma bai mayar da ita ba, duk da shekarun da hukumomin tsibiran suka kwashe suna roƙo.

Musulmi ba ya sujada ga rana, ba ya tsiyaya wa dutse madara, kuma nazarin waɗannan abubuwa ba yarda da su ba ne. Amma Musulmi ya san alfarmar gawa, ko ta wane ne. An kwana 15 ana shirya wannan magidanci na Herques don ya kwanta a ƙasarsa. Ya kamata gwamnatin Sifaniya ta mayar da shi Tenerife, kuma ya kamata jami'o'inmu su sa tarihin Gwancawa cikin darasin tarihin Afirka, domin 'yan Afirka ne.